Kiran Surma

Talata, 6 ga Agusta, bayan la'asar

Sumbal ta dawo tun kafin azahar. An ce ta zauna a gida, kada ta sake zuwa gidan dawakin sai kwamiti ya zauna ranar ashirin da biyu ga wata. Idan suka ce laifinta ne, ta bar aikin ke nan, kuma ba za su ba ta takardar shaidar da za ta kai makarantar koyon gashin ƙashi a Abbottabad ba. Shekara ɗaya da rabi 'yata tana yi musu aiki kyauta, tana jan dawaki da naƙasassun yara a kai. Ga sakayyar.

Abin da ake faɗa shi ne goɗiyar nan Surma ta fizge, igiya ta kuɓuce daga hannun Sumbal, yarinyar da ke kai ta faɗo. Hurain ce, jikar Zaitun ta bayan masallaci, mai shekara bakwai, wadda ƙafafunta ba sa ɗaukarta. An wuce da ita asibiti.

Igiyar ta saɓule wa Sumbal tafin hannu. Na kwaɓa kurkum da man shanu na kawo, ta tura hannun cikin mayafi ta juya wa bango fuska.

Ni abinci kawai na fita zan kai mata. Na juyo da shi daga hanya saboda hazo.

Laraba, 7 ga Agusta, bayan asuba

Tun farko ban so aikin nan ba, kowa ya sani. Ina da shekara arba'in da ɗaya na zauna a kan tabarma tare da mata ina koyon riƙe fensir, yara suna leƙe ta taga suna dariya, don kawai in riƙa duba littafin Sumbal in san tana karatu ko wasa take yi. Burina ta fita daga warin kashin doki da na tsufa a cikinsa. Sai ga ta ta koma da ƙafarta, kuma ba ko rupi ɗaya.

Duk aikin Baji Farhat ne, mai gidan dawakin. Ta zo daga Islamabad shekara uku da suka wuce, da tabarau a tsakar ka da takalmin maza, tana koya wa mutanen da aka haifi kakanninsu a gindin doki yadda ake riƙe doki. Ba bulala. Ba tsawa. Ba a ba doki abu a tafin hannu. Ba a kiran doki in yaro yana kai. Har allo ta kafa a ƙofa.

Surma tamu ce. Ni na raine ta. Uwarta ta mutu tana da kwana tara, na riƙa tsoma tsumma a nonon akuya ina matsa mata a baki har ta miƙe. Shekara goma sha ɗaya tana ɗaukar 'yan yawon shaƙatawa zuwa kan dutse tana ciyar da gidan nan. Da gwiwar baban Sumbal ta hana shi hawa da sauka, sai ya miƙa musu ita. Bai tambaye ni ba.

Watan jiya a shagon gari, a gaban mutane, Baji Farhat ta ce mini in kwantar da hankalina, Surma ta manta da rayuwarta ta dā, yanzu sabuwar goɗiya ce. Da murmushi ta faɗa.

Alhamis, 8 ga Agusta, da hantsi

Hurain ta samu karaya biyu a hannun dama. Kan lafiya lau, in ji likita. Alhamdu lillahi. Alhamdu lillahi.

Juma'a, 9 ga Agusta, bayan azahar

Na haɗu da Zaitun a bakin famfo. Na gaishe ta, na yi mata jaje. Ba ta amsa ba sai da bokitinta ya cika, sannan ta ce, ba tare da ta dube ni ba:

"Resham, ki ce wa 'yarki in hannunta ba ya iya riƙe igiya, ta riƙe tsintsiya kamar 'ya'yan mutane."

Na ce mata tsautsayi ba ya wuce ranarsa, kuma wanda ya ɗora gurguwar yarinya a kan dabba shi ma da nasa. Ban san yadda kalmar ta fito ba. Zaitun ta ɗora bokitinta ta tafi, ruwa yana zuba mata a baya.

Ita ta fara. Ko ba ita ta fara ba?

Lahadi, 11 ga Agusta, bayan la'asar

Ruwa tun safe. Birai sun sake ɓalle kwanon ɗakin girki.

Baban Sumbal ya ishe ni. Yana zaune da gwiwarsa a kan matashi, yana shan shayi kofi bayan kofi, yana shari'a shi kaɗai. Ya ce Surma ta ɗauki ƙattin Lahore masu tumbi kamar buhun shinkafa, ana harba wasan wuta a gefen kunnenta, ko gezau ba ta yi ba. Biri ya taɓa dira a gadon bayanta, ta ci gaba da kiwo. Ya ce goɗiyar da ta fi limaminmu haƙuri ba za ta zabura haka kawai ba, kuma me ya sa ta nufi sama, wajen itatuwa, ba ƙasa wajen barga ba?

Na ce tunda ya san dawaki haka, da bai bayar da ita ba. Na ce ya sha shayinsa ya bar ni in ji da abin da ya dame ni. Ya ce, "To, uwar gida ta yi hukunci." Amma ya bi ni da ido har na fita.

Ni abinci kawai na fita zan kai.

Litinin, 12 ga Agusta, da safe

Har yanzu Sumbal tana tashi da asuba kamar mai zuwa aiki. Ta yi salla, ta ɗaure gashi, ta sa takalmin roba, sannan ta zauna a bakin ƙofa tana kallon hanya. Yau na kasa haƙuri. Na ce gara da aka kore ta, ko Allah ne ya raba ta da wahalar banza. Na ce yaran nan da take mutuwa a kansu ba za su warke ba ko za ta ja doki har tashin duniya.

Ta ce Hurain da aka fara kawo ta ba ta iya riƙe wuyanta, sai an tallafe ta kamar jaririya. Tafiyar doki ce ke motsa mata ƙugu kamar ita ke takawa, ɗumin jikinsa kuma yana sassauta mata jijiya. Yanzu tana zama da kanta har a gama zagaye uku. A hankali ta faɗa, kamar mai karanta wa kurma wasiƙa.

Kwana shida ke nan ba ta kira ni Ammi ba, yadda 'ya'ya ke kiran uwa a nan. Tana cewa "an gama?" ko "a ina gishiri yake?" kamar da bango take magana.

Laraba, 14 ga Agusta, bayan magariba

Ranar 'yanci, gari ya cika da motoci da tutoci da masu zubar da leda. Ban fita ba, amma magana ta iso ni har gida. Wai Sumbal waya take dannawa lokacin da abin ya faru. Wai da wani take hira. Har sun samo masa gari, wai ɗan Haripur ne.

Wayar tana kan tebur a ɗaki ranar, ni na gan ta da idona, ba ta tafiya da ita wurin aiki. Na faɗa wa maƙwabciya haka, ta ce ai dole uwa ta faɗi haka.

Munafukai. Waɗanda 'ya'yansu ke leƙen direbobi ta kan katanga su ne yau da bakin magana.

Alhamis, 15 ga Agusta, da rana

Na ƙona gurasa sau biyu. Kaina ke ciwo.

Juma'a, 16 ga Agusta, bayan la'asar

Baji Farhat ta zo gidan nan da kanta. Na ba ta shayi a kofin da bakinsa ya gutsure, da gangan. Ta shanye har ta ce ya yi daɗi.

Ta zauna kusa da Sumbal, ta buɗe mata hannu ta duba. Ta ce ita ce ke tafiya a gefen yarinyar ranar, ta kai hannu amma Hurain ta sulale ta ɗaya gefen, don haka ita ma ba ta wanke kanta ba. Amma kwamiti zai tambayi abu ɗaya: me ya zaburar da goɗiyar? In akwai dalili, a faɗa. In babu, to za su ce mai riƙe da igiya ce hankalinta ya tafi wani wuri.

"Sumbal, 'yata, ki tuna da kyau. Kare? Dutse ya gangaro? Wani ya wuce ta sama?"

"Hazo ne, Baji. Ban ga kowa ba."

Ina tsaye a bakin ƙofa da faranti. Sumbal ba ta dube ni ba. Da ta dube ni ma da ya fi sauƙi.

Da matar za ta tafi ta ce mini ba ta taɓa samun mai hannu irin na Sumbal ba, dawaki da yara duk suna natsuwa a wurinta, kuma ta san daga gida ta samo. Na ce mata daɗin baki ba ya gyara abin da ya ɓaci. Na rufe ƙofa tun ba ta kai bakin hanya ba.

Lahadi, 18 ga Agusta, bayan azahar

Ita da allonta, me ta sani? A nan in damina ta ja baya ana sakin dawaki su hau daji su yi kiwo, na gida goma a haɗe. Da yamma mata ke fita su kira. Kowane gida da kiransa, ba mai amsa na wani. Namu daga surukata na gada, ita ma daga tata: ƙyasta harshe sau biyu, sannan fito mai tsawo da ke sauka ƙasa. In sun zo, a ba su guntun mazarƙwaila daga bakin mayafi. Haka aka yi tun kafin a haifi uban Baji Farhat. Ba a rubuta wannan a allo ba, kuma allo ba ya goge shi.

Yau baban Sumbal ya tambaye ni ta wace hanya na bi ranar Talatar nan da na fita da abinci. Na ce ta ƙasa, ta bakin titi. Ya ce to. Ya daɗe yana murza gwiwarsa, sannan ya ce mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Na ce da wa yake? Ya ce da gwiwarsa.

Ta sama na bi.

Litinin, 19 ga Agusta, bayan asuba

Ta sama na bi, ta cikin itatuwa, inda ake hango filin daga bisa. Hazon ya buɗe kaɗan, na hango Surma tana tafiya kai a ƙasa kamar tsohuwar jaka, 'yata tana gaba, matar nan tana gefe. Na ga hular kwano a kan yarinyar. Na gani. Ba zan ce ban gani ba.

Na yi mata kiranmu. So nake kawai ta ɗaga kunne. Kunne ɗaya. In san ƙarya matar ta yi da ta ce ta manta.

Na rubuta. Layin ya karkace, amma na rubuta.

Talata, 20 ga Agusta, da yamma

Na hango Zaitun ta goyo Hurain za su ɗakin shan magani. Tsohuwa mai shekara sittin da wani abu, tana hawan tudu tana tsayawa tana haki. Hannun yarinyar a naɗe fari fat, kanta ya langaɓe a kafaɗar kakar kamar dā. Na shige lungun mai ɗinki har suka wuce.

Saura kwana biyu.

Laraba, 21 ga Agusta, bayan la'asar

Na sami Sumbal tana tsince shinkafa da hannu ɗaya. Na zauna. Na ce mata ranar Talatar nan ko ta ji wani abu.

"Wa ya koya mini kiran, Ammi?"

Yau ta ce Ammi, ga kuma yadda ta ce shi.

Na tambaye ta me ya hana ta faɗa, tana kallo ana jan sunanta a ƙasa, takardarta za ta tafi. Na ɗauka za ta ce saboda ni. Na ma shirya kukan da zan yi.

Ta ce in suka san Surma tana amsa kira daga waje, ba za su sake ɗora mata yaro ba, doka ce. Kuma Hurain ba ta yarda da kowane doki sai ita. Wata huɗu aka yi kafin ta daina ƙanƙamewa. In an cire Sumbal wata za ta riƙe igiya. In an cire Surma, Hurain ta koma bayan kakarta.

Na ce, ni fa?

"Ke ma ina tunaninki. Amma ke ce ta biyu."

Na ce mata 'yar da ta fifita dabba da 'yar wasu a kan uwar da ta haife ta, Allah ya shirye ta. Na faɗi wasu maganganun da ba zan rubuta ba. Ta bari na gama, ta ce kada in je gobe. Ta ce na riga na yi ɓarna ɗaya, kada in ƙara ta biyu.

Ita ba ta haihu ba. Ba ta san abin da ake ji ba in ana cewa 'yarka da ɗan Haripur.

Alhamis, 22 ga Agusta, bayan magariba

Na je.

Sun zauna a rumfar da ake sa wa yara hula. Baji Farhat, da wani tsohon likita, da wani malamin makaranta mai ritaya, da Zaitun a gefe a kan benci. Sumbal tana tsaye. Da ta gan ni ta rufe ido.

Ban jira an ba ni izini ba. Na ce ni ce. Na ce na tsaya a sama na kira goɗiyar, ta amsa. Na ce 'yata ta riƙe igiya har fatar hannunta ta tafi, su duba.

Malamin ya yi murmushi irin wanda ake yi wa yaro. Ya ce Allah ya saka wa iyaye mata, ko wace uwa za ta ɗauki laifin 'yarta, amma kwamiti ba ya aiki da tausayi. Likitan ya ce goɗiyar ta shekara biyu a hannunsu ana horar da ita, da wuya fito daga nesa ya motsa ta. Baji Farhat ta ce in zauna in sha ruwa.

Ashe har laifina ma sai na roƙa kafin a ba ni.

Na ce su fito da goɗiyar. Na ce mafi ƙarfinsu ya riƙe igiyar. Sumbal ta ce, "Ammi, don Allah." Ban kula ta ba. Baji Farhat ta daɗe tana dubana, sannan ta je da kanta ta fito da Surma, ta naɗe igiyar a hannu, ta fara zagaya filin da ita. Ni kuma na hau tudun, da tsufana da hakina, har inda na tsaya ranar. Na ƙyasta harshe sau biyu, na fara fito.

Ban ma kai ƙarshen fiton ba. Ta ɗaga kai, ta yi haniniya, ta juya. Ta ja matar nan taku biyar a cikin taɓo kafin ta saki. Ta haye tudun kamar 'yar shekara uku, ta zo ta cusa hancinta a mayafina tana nema. Ba ni da komai a ciki.

Na sauko da ita. Tabarau ɗin Baji Farhat yana cikin taɓo. Zaitun ce ta tashi, ta zo har gabana, kusa har ina jin numfashinta.

"Kin ga yarinyar a kai?"

Na ce na gani.

Na ɗauka mari za ta yi, na ma tsaya mata. Sai ta gyara mayafinta ta ce ta bar ni da Allah, ta wuce.

Asabar, 24 ga Agusta, da hantsi

Sun wanke Sumbal. Za ta koma Litinin, takardarta tana nan. Baji Farhat ta aiko a rubuce, na karanta da kaina, sau uku, da yatsa. A ƙasa ta ƙara cewa ba a yarda in sake bin hanyar sama ba in yara suna fili, kuma Surma ba za ta ƙara ɗaukar yaro ba.

A famfo yanzu ba a zancen ɗan Haripur. Zancena ake yi. In na iso sai a matsa mini wuri, fili mai yawa, kamar mai ƙazuwa. Su yi ta yi. Da bakinsu suka ci 'yata, yanzu su ci ni, na fi ta tauri.

Baban Sumbal da kansa ya dafa shayi ya ajiye mini kofi. Gishiri ya zuba a maimakon sukari, ko da gangan ko ba da gangan ba. Na shanye.

Lahadi, 25 ga Agusta, bayan azahar

Na dafa kaza na kai gidan Zaitun. Ba a buɗe ba. Ina jin motsinsu a ciki.

Litinin, 26 ga Agusta, da safe

Jiya da yamma aka dawo mana da Surma. Sun ce ba su da wurin ajiye dokin da ba ya aiki, kuma ba za su sayar da ita ga masu dakon bulo ba. Tana tsohon turkenta, kamar ba ta taɓa barinsa ba.

Sumbal ta fita tun da sassafe. Na bi ta har ƙofa, na ce ko ba komai sunanta ya fita, takardarta ta tsira, wata rana za ta gane. Ta tsaya tana ɗaure takalmi. Ta ce in hannun Hurain ya warke za su gwada ta da wani ƙaramin doki mai suna Bahadur, amma daga farko za a fara, kuma ba ta san ko Zaitun za ta sake kawo ta ba.

Sannan ta dubi turken, ta dube ni.

"Kin samu amsarki, Ammi. Ba ta manta ki ba."

Ta tafi. Na tsaya har ta sha kwana, ba ta waiwayo ba.

Tana da aikinta. Abin da na je nema ke nan, kuma da za a sake, zan sake hawa tudun nan in yi fiton a gabansu. Na farkon ne ba zan iya mayarwa ba.

Goɗiyar tana ta bin ni da ido duk inda na gifta a tsakar gida, tana jan igiya. Tun jiya ban je kusa da ita ba. Baban Sumbal ya ce in ba ta ruwa, ita ba ta yi wa kowa laifi ba.

Bari in tashi in ba ta.